Muhawara: Yaya ake koya wa ƙaramin yaro tausayi a gidajen haya na Legas?

Maman Ihsan (admin):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Maudu'in wannan makon ya fito ne daga ƙorafin da ya fi shigo mana, wato faɗan yara a gidajen haya. A Agege, Mile 12, Idi-Araba, duk inda ɗakuna ke fuskantar juna da famfo ɗaya da ban ɗaki ɗaya, sau da yawa rikicin manya daga yara yake tasowa. Wannan ya ciji wancan, wancan ya ƙwace biskit, kafin ka ankara iyaye mata sun fito suna gyara ɗaurin zani. To tambaya: tausayi koya wa yaro ake yi, ko da shi ake haihuwarsa? In koyarwa ake, daga wane shekaru, kuma ta yaya? Muna son bayanin da uwa za ta iya aiki da shi yau da yamma. Malamai da ma'aikatan jinya, bismillah.

Baban Nana (Akoka):
Wa alaikumus salam. Da tushensa ake haihuwar yaro, sai dai tushen yana buƙatar raino. Jariri sabuwar haihuwa in ya ji kukan wani jariri shi ma yakan fashe da kuka, an daɗe da tabbatar da wannan tun bincike na shekarun 1970. A 2006 wasu masana a Jamus, Warneken da Tomasello, sun gwada yara 24 'yan wata 18. Mutum yana shanya sai abin danne kayan ya suɓuce masa, ya miƙa hannu bai kai ba. Yara 22 daga cikinsu sun taimaka a aƙalla ɗaya daga cikin irin waɗannan gwaje-gwajen, ba tare da an ce su yi ba. Abin lura, in mutumin da gangan ya jefar da abin, yawanci ba sa ɗauko masa. Ɗan wata 18 ke nan yana bambanta wanda ke cikin buƙata da wanda ba ya ciki.

Amma akwai iyaka. Gane cewa abin da ke cikin kan wani daban yake da abin da ke cikin nawa, wannan sai wajen shekara 4 yake zauna wa yawancin yara. Saboda haka ɗan shekara 2 da ya ƙwace mota a hannun ɗan maƙwabta ba mugu ba ne. Motar yake gani, bai ga mai motar ba. Aikinmu shi ne mu juyo da idonsa kan mai motar.

Anti Malama (Nazare, Agege):
Baban Nana ya share mini hanya. Bari in faɗi yadda ake juyo da idon, don a nan ne iyaye suka fi kuskurewa. Mu ɗauka ɗan shekara 2 zuwa 3 ya daki ƙanwarsa ko ya cije ta.

Da farko ki raba su, ki riƙe hannunsa ba tare da murɗewa ba, ki ce "a'a, ba duka." Kalma uku sun isa. Sannan ki juya ga wadda aka daka, ita za ki fara yi wa sannu, ki duba wurin. Yawancin iyaye akasin haka suke yi: su bar mai kuka a tsaye su yi minti biyar suna zazzaga wa mai laifi masifa. Yaro kuwa ko tsawa ce yana ɗaukarta a matsayin kulawa, sai ya koyi cewa cizo shi ne hanyar da Mama ke barin waya ta zo kansa.

Bayan haka ki durƙusa daidai tsayinsa, ki nuna masa: "Dubi fuskar Nana. Tana kuka. Hannunta yana zafi, haƙorinka ne ya yi mata." Muryarki ta nuna abin ya dame ki, amma ba ihu ba. In kin faɗa kina dariya ko kina kallon talabijin, ba zai shiga ba. In kin yi ihu har ya firgita, hankalinsa ya koma kan tsoron da yake ji, ya manta da Nana gaba ɗaya.

Mataki na ƙarshe shi ne gyara. Ki ba shi aikin da hannunsa zai yi: ya ɗauko tsumma mai ruwan sanyi, ya miƙa mata ruwa, ya mayar da abin da ya ƙwace. Duka wannan bai kamata ya wuce minti biyu ba. Kuma za ki maimaita shi sau da yawan gaske kafin ki ga canji, kada ki yi sau uku ki ce ba ya aiki.

In shi kansa mai laifin yana birgima yana ihu, ba lokacin bayani ba ne. Ki jira numfashinsa ya dawo daidai tukuna.

Baban Walid (Mile 12):
Malama, da girmamawa, wannan tsarin Turawa ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro ya ciji ɗan mutane a tsakar gida, uwar yaron tana tsaye tana kallo, ke kuma ki durƙusa kina cewa "dubi fuskarsa"? Ai sai a ce kin goyi bayan ɗanki. Tsinken tsintsiya biyu a ƙafa, ya san cizo da zafi, magana ta ƙare.

Anti Malama (Nazare, Agege):
Baban Walid, maganarka ta maƙwabciya gaskiya ce, kuma tana da magani: uwa ta fara zuwa kan ɗan maƙwabciyar, ta ɗauke shi, ta wanke wurin, ta ba uwarsa haƙuri da bakinta, sannan ta sa ɗanta ya kawo ruwa. Maƙwabciyar da ta ga an kula da ɗanta ba kasafai take neman a yi duka ba. Abin da ke tunzura ta shi ne ta ga an share.

Batun tsintsiya kuwa, tana tsayar da cizon a wannan lokacin, ban musa ba. Amma me yaron ya koya? In Baba yana nan ba a cizo. Sannan ya koyi cewa babba in ransa ya ɓaci yana dukan ƙarami, shi kuma yana da ƙanwa a ɗaki. A aji ana gane irin waɗannan yaran: kafin su yi mugunta sai sun waiga sun ga ko malama tana kallo.

Baban Nana (Akoka):
Ƙari kan wannan. A 2016 Gershoff da Grogan-Kaylor a Amurka sun tattara bincike 75 da suka shafi yara sama da 160,000 a kan dukan tarbiyya da tafin hannu. Ba su samu alaƙarsa da gyaruwar hali ba, abin da suka samu shi ne alaƙa da ƙarin faɗa da taurin kai. Kuma a sani, gwamnatin jihar Legas ta hana bulala a makarantunta tun 2022.

Hanyar da Malama ta zayyana ita ma ba daga ka aka ƙirƙiro ta ba. A 1979 Zahn-Waxler da abokan aikinta sun bi iyaye mata masu yara 'yan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Waɗanda ke yi wa yaro bayanin ciwon da ya jawo, da murya mai nuna damuwa, 'ya'yansu sun fi ƙoƙarin rarrashin wanda suka cutar. Hani tsura, "bari!", bai haifar da hakan ba.

Malam Na-Agege:
Baban Walid, Allah ya yi maka albarka, ka ce tsarin Turawa ne. Mu duba namu. Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, sai ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Annabi (SAW) yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro saboda damuwar da uwar za ta shiga. Ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama. Ƙanen Anas, Abu Umair, tsuntsunsa ya mutu, Annabi (SAW) bai ce masa "don tsuntsu kake baƙin ciki?" ba, tambayarsa ya yi labarin tsuntsun. Anas kansa ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba.

Dubi kuma yadda ya gyara wa Umar ɗan Abu Salama cin abinci lokacin da hannunsa ke yawo a akushi: ya kai yaro, ka ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, ka ci abin da ke gabanka. Gajeriyar magana, a lokacin da abin ke faruwa, kuma abin da zai yi aka faɗa masa. Daidai da abin da Malama ta ce.

Baban Walid (Mile 12):
Allah ya gafarta Malam, hadisi ba a ja da shi. Amma ga ainihin damuwata. Nan Legas ce. Yaron da ya cika tausayi shi ake mayarwa abin da 'yan gari ke kira mumu. A ƙwace abincinsa a makaranta, a yaudare shi a hanya. Wani lokaci uba da gangan yake taurara ɗansa.

Sista Nas (Idi-Araba):
Wannan damuwar tana da tushe, kada a yi watsi da ita. Amma tausayi daban, rashin iya cewa a'a daban, kuma tare ake koyar da su. Yaron da aka saba tilasta wa ya miƙa duk abin da ke hannunsa da zarar wani ya yi kuka, shi ne ake cuta a makaranta. Tun daga shekara 3 a koya masa jimloli uku ya iya faɗarsu da ƙarfi, da Hausa da Turanci tunda ajin gauraye ne: "Bari, ba na so." "Nawa ne, in na gama zan ba ka." "Zan faɗa wa malama." A yi gwaji a ɗaki, uba ya zama mai ƙwace, yaro ya amsa, har bakinsa ya saba.

Game da hanya, doka ɗaya tak: babba ba ya neman taimako wurin yaro. Duk babban da ya ce zo ka nuna mini hanya, zo ka taya ni neman abu, zo ka riƙe mini kaya a lungu, amsar ita ce "bari in kira Mamana." Ta haka bai zama marar kirki ba, kuma bai bi kowa ba. Haka batun jikinsa: ko kawu ne, in yaro ba ya son a ɗauke shi ko a sumbace shi, ya gaisar da baki ya isa.

Tunda an yi maganar cizo: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na 'yan mintoci. In fata ta fashe har jini ya fito a kai asibiti, cizon mutum yana saurin ruɓewa, musamman a hannu. Kada a shafa man goge haƙori ko toka. Kuma don Allah a daina cewa wanda aka ciza "rama." Balle uwa ta ciji ɗanta wai don ya ji yadda ake ji. Ɗan shekara 2 ba ya haɗa wannan lissafin, abin da ya gani shi ne Mama ma tana cizo.

Hajiya Kaka (Obalende):
Sannunku 'ya'yana. Ku bar ni in taɓo abin da ba wanda ya taɓa, wato kunyar ɗan fari. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wata ko kuka yake sai ta ɗauke kai. A gida Arewa wannan bai cika yin illa ba, domin gidan cike yake: kaka tana nan, gwaggo tana nan, matar wa tana nan, yaro yana faɗuwa hannu biyar za su ɗauke shi. To a Ikko fa? Ɗaki ɗaya, miji ya fita tun asuba don gudun cunkoso, sai bayan isha zai dawo. In uwa ta ce za ta yi kunyar ɗan fari a nan, wa zai rarrashe shi? Maƙwabciya Bayarabiya tana harkar gabanta. Yaron da ba a taɓa ce wa sannu ba, ina zai samo sannun da zai ba wani? Ku ɓoye sunan in kuna so, ku kira shi da laƙabi, amma ku rungume shi.

Na biyu, dukan ƙasa. Yaro ya yi tuntuɓe da kujera, sai uwa ta mari kujerar ta ce "ungo, na rama maka." Yana sa shi yin shiru, gaskiya ne. Amma an koya masa duk ciwo akwai mai laifi, kuma maganinsa ramuwa. Gara a ce "sannu, ka buge, nuna mini wurin," a hura masa, a wuce.

Akwai kuma namu masu kyau da aka fara saki. Cin abinci a tire ɗaya, babba ya raba nama, kuma babba ya tsame hannu ya bar wa ƙarami ragowar. Yanzu kowa da robarsa da cokalinsa a gaban talabijin. Ko sau ɗaya a rana a haɗa su.

Maman Ihsan (admin):
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Maganar ɗan fari ta shiga. Malama, an turo tambaya ta bayan fage: ɗan shekara 3 mai rowa, ko baƙi sun zo sai ya tattara kayan wasansa ya zauna a kai. A tilasta masa?

Anti Malama (Nazare, Agege):
A'a. A wannan shekarun "ba shi" a kunnen yaro yana nufin ya tafi ke nan har abada. Abin da ke aiki shi ne karɓa-karɓa, domin yana ganin abin ya dawo. A saita ƙararrawar waya minti 2 ko 3, in ta kaɗa a miƙa wa na gaba, in ta sake kaɗawa ya dawo. Zagayen farko a fara da wa'adi gajere ƙwarai, ko minti ɗaya, don ya ga dawowar da wuri. Inda ake ɓata abin shi ne baƙon ya yi kuka a ce "ƙyale masa kawai, kai ne babba." An karya alkawari, gobe ba zai yarda da ƙararrawar ba.

Kafin baƙi su iso a ce ya zaɓi abu biyu da ya fi so a ɓoye a akwati, sauran na kowa ne. Yaron da ya san abin ƙaunarsa yana cikin aminci ya fi sakin hannu.

Daga shekara 5, in abu ɗaya ne za a raba, kamar burodi ko gurasa: ɗaya ya raba, ɗayan ya fara zaɓa. Za ki ga aunawa kamar ta mai sayar da zinariya.

Wasan "sam mini" da muke yi wa 'yan shekara ɗaya shi ma horo ne mai kyau, amma a riƙa karɓa da gaske wani lokacin, a ci, a nuna an ji daɗi, a ce na gode. In kullum mayar masa ake yi, ranar da wani yaro ya karɓa ya cinye sai rigima.

Sai "ba shi haƙuri." Ana matsa wa yaro ya ce yi haƙuri, ya faɗa yana harara, a ce shi ke nan. Wasu har su gane kalmar tikiti ce: ya daka, ya ce yi haƙuri, ya sake dakawa. Kalmar tana da kyau a koya, amma ta biyo bayan gyara. A tambaye shi, "me za ka yi masa ya ji sauƙi?" In ya rasa, a ba shi zaɓi biyu.

Baban Nana (Akoka):
Kada a manta da batun lada, don iyaye masu hali sun fi faɗawa nan. Waɗancan masanan na Jamus sun sake gwaji a 2008 da yara 'yan wata 20. Wasu in sun taimaka a ba su abin wasa, wasu a yaba musu da baki, wasu ba a yi musu komai ba. Da aka daina ba da ladan, waɗanda suka saba karɓa su ne taimakonsu ya ragu, sauran suka ci gaba. Ma'ana "in ka ba ƙanenka zan saya maka alawa" ciniki ne ake koyarwa. Abin da ya fi shi ne a faɗa masa sakamakon aikinsa: "Ka ga ta daina kuka da ka kawo mata 'yartsanarta."

Kuma a kiyayi laƙabi. "Mugu," "marowaci," "mai baƙin hali," in aka yi ta maimaitawa yaro yakan karɓa ya zauna a kai. A soki aikin, a bar yaron.

Sista Nas (Idi-Araba):
Akwai abin da ke rushe duk wannan ƙoƙarin, kuma ya fi tsanani a Legas: barci. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2019 ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar awa 11 zuwa 14 a yini da dare, ɗan 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, har da na rana. Yanzu ku lissafa. Ana tayar da yaro 5:30 don motar makaranta ta riga cunkoso. Daren jiya bai kwanta ba sai 10:30, saboda jiran Baba, ga ƙarar janareta, ga zafi. Awa 7 ke nan, in ya samu ɗaya a makaranta ta zama 8. Yaron da ke bin bashin awa biyu kullum ba shi da haƙurin jiran layi, balle lura da fuskar wani. Mai tashi 5:30 ya kamata 8:00 ta same shi a shimfiɗa. Kafin a ce yaro ya cika mugunta a duba barcinsa da cikinsa, sau da yawa cizo da yaƙushi dab da cin abinci ko dab da barci suke faruwa.

Waya kuma, ƙa'idojin sun ce ban da 'yan ƙasa da shekara 2, daga 2 zuwa 4 kada ta wuce awa ɗaya a rana. Karanta fuska a fuskar mutum ake koyonsa. Wayar uwar ma tana cikin lissafi, in yaro yana magana ido yana kan allo.

Malam Na-Agege:
In ƙara da dabbobi, domin a nan ake fara ganin zuciyar yaro. Jifan ƙadangare, ɗaure wa ƙwaro zare a ƙafa, harbin tsuntsu da danƙo don wasa, manya suna gani suna dariya. Alhali an ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Waɗannan biyun ɗan shekara 4 yana fahimtarsu sarai.

Lokacin Babbar Salla dama ce. A ba yaro aikin ba rago ruwa da dusa safe da yamma, da matsar da shi inuwa. A hana shi hawa bayansa da jan ƙaho, kuma kada a kai shi kallon karon raguna da samari ke haɗawa a unguwanni kafin salla. Ranar yanka a wasa wuƙa nesa da dabbar, hadisi ya ce a kyautata yanka a hutar da abin yankan. Ƙaramin da ya shaƙu da ragon a gaya masa gaskiya tun kwana biyu kafin ranar, kada a ce masa ragon ya tafi unguwa, kuma in ba ya son kallo kada a tilasta. In ya yi kuka ba abin dariya ba ne, abin da muke nema ne ya fito. Daga baya a ɗora masa kwanon nama ya kai wa maƙwabta da kansa, Musulmi da Kirista.

Hajiya Kaka (Obalende):
Malam ya tuna mini da "namiji ba ya kuka." Ku daina faɗa wa ɗan shekara uku haka. In an hana shi jin nasa ciwon, na matarsa ma ba zai ji ba in ya girma.

Sai 'yar aiki. Duk wa'azin da za ki yi wa yaro, yadda kike yi da yarinyar da ke wanke-wanke shi yake ɗauka. In ke kina ce mata "ke!" shi ma haka zai ce. A sa ya kira ta Yaya ko Anti. Abincin da aka ci shi za ta ci, ba ƙanzo ba. Ya kai kwanonsa wurin wanki da kansa. In ya ɗaga mata hannu, hukuncin daidai da in ya daki 'yar gida.

Malam Na-Agege:
Hajiya ta yi daidai, hadisin Abu Zarri ne: ku ciyar da su daga abin da kuke ci, ku tufatar da su daga abin da kuke sawa, kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu.

Baban Nana (Akoka):
Kuma in yarinyar ƙarama ce, dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana ɗaukar yaro aikatau a wajen gidansu ko danginsu, Legas ma ta yi tata dokar a 2007. A kiyaye.

Baban Walid (Mile 12):
To na ji. Batun "babba ba ya neman taimako wurin yaro" ya kwanta mini. Amma har yanzu ina ganin akwai laifin da sai an ɗan taɓa jiki, kamar yaro ya ruga titi gaban motar haya ta danfo. Wannan mu bar shi zuwa wani zaman. Tambayata ta ƙarshe: mabarata. Yaro yana ganinsu a Idi-Araba, a Ebute Metta, a gadar Agege, yana nunawa da yatsa yana tambaya da ƙarfi me ya sami ƙafar wancan. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Me ake yi?

Anti Malama (Nazare, Agege):
Kada a doke hannun, kada a ce "yi shiru." In aka yi haka ya koyi cewa naƙasa abin tsoro ce ko abin kunya. A sauke yatsan a hankali, a ce "mu gaishe shi tukuna." A amsa a taƙaice da gaskiya: "ƙafarsa ba ta aiki, shi ya sa yake tafiya da keke." Sauran tambayoyi a gida. In za a yi sadaka a ba yaron ya miƙa da hannun dama, bayan sallama, a hannu ko a kwano, ba jefawa ta tagar mota ba, kuma ba a ɗaukar hoto. A kiyaye cewa "in ba ka yi karatu ba haka za ka zama," da tsoratar da yaro da cewa za a ba wa almajiri shi. Jimla ɗaya irin wannan tana koyar da raini fiye da yadda sadakar wata guda za ta gyara.

Da dare kuma tatsuniya tana aiki in an san inda za a tsaya. Ana cikin labarin marainiya da kishiyar uwa, ko Gizo ya cuci Ƙoƙi, sai a dakata: "Yaya kake gani ta ji? Ta yaya ka sani? Da kai ne a wurin me za ka yi?" Tambaya biyu ko uku a labari ɗaya, in ta yi yawa ya zama jarrabawa ya gudu. Ga 'yan shekara 2 zuwa 3 kalmomi huɗu sun isa a fara da su: murna, fushi, tsoro, baƙin ciki. A riƙa faɗa masa nasa: "ka yi fushi don an kashe kartun." Wanda ya iya cewa na yi fushi ya rage buƙatar haƙori. Tunda tsakar gidan gauraye ce, a koya masa yi wa ɗan maƙwabta sannu da yarensu, iyayen suna jin daɗin hakan ƙwarai.

Sista Nas (Idi-Araba):
Abu ɗaya kafin admin ta rufe. Wani yaron ba rashin tausayi ke damunsa ba. In ya kai shekara ɗaya ba ya waigowa in an kira sunansa, ko ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa don a gani, ba ya haɗa ido, ko ya fara magana ta ɗauke, a kai shi a duba, a fara da gwajin ji. Haka wanda ya wuce shekara 4 yana cutar da dabbobi ko ƙananan yara a kai a kai ba tare da ya nuna damuwa ba, ko wanda halinsa ya juye farat ɗaya, wannan na ƙarshen a bincika ko wani ne ke cutar da shi a gida ko a makaranta. Akwai sashen yara a asibitocin koyarwa na LUTH nan Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, akwai asibitin yara na Massey a cikin tsibirin Legas, asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba kuma yana da cibiyar yara da matasa a Oshodi. A fara da cibiyar lafiya ta unguwa a karɓi takardar turawa, a tafi da katin rigakafin yaron, kuma in an samu dama a ɗauki ɗan bidiyon abin da yake yi a gida, domin a gaban likita sau da yawa yaro ba ya nunawa.

Maman Ihsan (admin):
Mun gode, Allah ya saka da alheri. Baban Walid, batun titi da danfo mun ajiye shi zuwa Asabar bayan isha, Malama da Malam sun ce za su zo. Masu tambaya a kan kishin sabon jariri, ku turo shekarun yaran tare da tambayar.